Abzin: ruwa a ƙarƙashin rairayi, hatsi a kudu

Duk wanda ya tashi daga Kano ya miƙe arewa, ya ratsa Damagaram da Tanut da Aderbisinat, bayan tafiyar kusan kilomita 700 zai iske kansa a Agadas. Yawancin direbobi da fatake nan suke yada zango, daga nan wasu su karkata gabas su nufi Dirku da Libiya, wasu su bi hanyar Arlit zuwa Aljeriya. Kaɗan ne ke kutsawa cikin duwatsun da ke tsaye arewa da birnin, waɗanda mu Hausawa muke kira Abzin ko Azbin, masu ƙasar kuma ke cewa Ayar. Faɗinsu ya haura murabba'in kilomita dubu 80, wato ya ninka jihar Kano sau huɗu. A can ne wuri mafi tsayi a duk Nijar yake, ƙololuwar Idukal-n-Tages da ke kan tudun Bagzan, mai tsayin mita 2,022.

Abin da ke ɗaure wa baƙo kai a wannan ƙasa shi ne yadda rai da kufai suke maƙwabtaka. Ka bar Timiya, inda lemo da rumman ke nuna a lambu, ka yi 'yar tafiya arewa, sai ga Asode, gari guda na dutse, da tituna da masallaci, babu ko akuya. Ruwan saman da ke sauka a wuraren biyu kusan ɗaya ne. To me ya rayar da wannan, ya kashe wancan? Amsar tana rataye ne a kan abu biyu: ruwan da ke kwance ƙarƙashin rairayin kwari, da hanyar da ke haɗa duwatsun da ƙasar Hausa. Kusan kowane wurin tarihi a Abzin shaida ne na lokacin da ɗaya daga cikin biyun ya yanke.

Yadda dutse ke tara ruwa

Ruwan sama a Agadas bai cika wuce milimita 100 da 'yan kai a shekara ba, kuma da zarar ka ƙara gaba wajen Iferwan sai ya ragu ƙwarai. Kano na samun abin da ya ninka wannan sau bakwai ko takwas. Da a ce ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, wannan ɗan yayyafi na Yuli zuwa Satumba da rana ta shanye shi tun bai jiƙa ƙasa ba. Amma Abzin tsirara ne dutsensa, ba ya shan ruwa. Kamar rufin kwano yake, kwaruruwan kuma su ne indararo. Ruwan da ya sauka a kan faɗin dutse mai yawa yakan gangaro gaba ɗaya ya taru a kwari guda, wanda mutanen Nijar ke cewa kori. Cikin sa'a ɗaya kwarin da ke bushe ƙayau zai zama kogi mai ruri, ja wur da laka, yana tafe da itatuwa da duwatsu. Sau da yawa a wurin da kake ko ɗigo bai sauka ba, hadarin can nesa ya zuba. Shi ya sa Ba'abzine ba ya kafa tanti a tsakiyar kori da damina, komai laushin rairayinsa da sanyin inuwarsa.

Kwana ɗaya ko biyu ruwan ya wuce. Amma bai tafi duka ba. Wani kaso yana nitsewa cikin rairayi da tsakuwar da suka cike gindin kwarin, kuma inda wani falalen dutse ya gitta ta ƙarƙashi sai ya tare shi, ya zama ma'ajiya da rana ba ta gani. A irin waɗannan wurare in ka haƙa 'yan kamu kaɗan za ka tarar da ruwa. Duk wani gari na Abzin, Timiya ne, Iferwan ne, Tabelot ne, Awdaras ne, a kan irin wannan ma'ajiya yake zaune. Taswirar garuruwan ita ce taswirar ruwan ƙarƙashin ƙasa, ba ƙari ba ragi.

A cikin matsattsun kwazazzabai kuma, inda bangon dutse ya tashi ta kowane gefe har rana ba ta leƙawa sai da tsakar rana, akan sami tafkunan da ba sa ƙafewa, waɗanda suke kira agelman. Mafi shahara shi ne na kusa da Timiya, inda bayan damina ruwa ke zubowa daga kan baƙin dutsen da aman wuta ya bari, ya faɗa cikin tafki. A kwazazzaban dutsen Tamgak, irin wannan ruwa ne ya riƙe wani ɗan garken gwaggon biri da ya yanke daga 'yan uwansa na kudu tun dubban shekaru. Can bisa tsaunuka kamar Gerebun, sama da mita 1,500, akwai tsofaffin itatuwan zaitun na daji, ragowar wani zamani mai laima. A ƙasa kuwa itatuwan da Bahaushe ya sani ne: goriba, aduwa, magarya, gawo, tumfafiya.

Shi kansa dutsen ɗan uwan namu ne. Manyan tsaunukan Abzin, irin su Bagzan da Tamgak, narkakken dutse ne da ya kunno daga cikin ƙasa ya daskare a siffar zobe, kuma ɗaya daga cikin zobban, wanda ake kira Meger-Meger, faɗinsa ya kai kilomita 65. Jerin irin waɗannan duwatsu ya miƙe kudu ta Damagaram da Muniyo har Jos, suna raguwa a shekaru: na Abzin sun haura shekara miliyan 400, na Jos ba su kai miliyan 200 ba. Don haka ba abin mamaki ba ne da ake haƙar kuza a Elmeki kamar yadda ake haƙarta a Filato. Yuraniyom ɗin Arlit ma, a ra'ayin masana ƙasa, daga waɗannan duwatsu ruwa ya wanko shi a zamanin da, ya jibge shi a kwarin da ke yamma da su.

Lokacin da ruwan ya fi haka

Kimanin kilomita 110 arewa da Agadas, ba nisa da hanyar Arlit, akwai wani falalen dutse a wurin da ake kira Dabus. A kansa an sassaƙa raƙuman dawa biyu, babban tsayinsa mita 5.4, wato daidai girman dabbar a raye. Wanda ya yi aikin bai yi gaggawa ba. Kowane tabo na jikin dabbar an kewaye shi da zurfin layi, an goge tsakiyarsa ya yi santsi, an fitar da kofato da gashin wuya da ido. Daga bakin kowane raƙumin dawa wani siririn layi ya sauko har zuwa wani ɗan ƙaramin mutum da ke ƙasa. Wasu sun ce igiya ce, wasu sun ce alama ce ta wata alaƙa ta addini ko tatsuniya. Ana ƙiyasta shekarunsu tsakanin dubu shida zuwa dubu takwas, tun kafin a san ƙarfe, ma'ana da dutse aka sassaƙa dutse. Makiyayan wurin sun san da su tun fil azal, amma sai a 1987 wani Bafaranshe mai bincike, Christian Dupuy, ya rubuta labarinsu. A kewayen wurin akwai wasu zane fiye da 800: shanu, jiminu, bareyi, zakuna, karkanda. A 1999 aka ɗauki siffar manyan biyun, aka zuba ta da ƙarfen sanholo, kuma ɗaya daga cikin kwafin yana filin jirgin saman Agadas.

Raƙumin dawa ba ya zama inda babu dogayen itatuwa. Saniya ba ta kwana biyu babu ruwa. Abin da duwatsun ke faɗa ke nan, kuma ƙasusuwa sun gaskata su. A Gobero, kudu maso gabashin Abzin a bakin hamadar Tenere, ayarin Ba'amurke Paul Sereno da ya fita neman ƙasusuwan dabbobin farko a shekarar 2000 ya ci karo da maƙabarta mai kabari kusan 200 a gefen wani tsohon tafki. Tare da mutanen akwai ƙashin dorina da kada da giwan ruwa, da ƙugiyoyin kamun kifi na ƙashi. Al'umma biyu ne suka zauna a wurin, tsakaninsu akwai fari na kusan shekara dubu da ya tashi ta farko. A ɗaya daga cikin kaburburan an sami mace da yara biyu suna fuskantar juna, hannuwansu a sarƙe. Wajen shekara 4,500 da suka wuce tafkin ya ƙafe gaba ɗaya.

Da sahara ta bushe, abin da ya rage na rai sai ya tattare cikin kwaruruwan duwatsu. Wannan ce mutuwa ta farko a tarihin yankin, ta ruwa, kuma ita ce ta bar Abzin a matsayin tsibiri.

Tsibirin da ba ya ciyar da kansa

Nan ne maganar ta zama tamu. Kwaruruwan Abzin suna ba da dabino, da ɗan alkama da masara, da ciyawar awaki da raƙuma. Amma abincin yau da kullum na Ba'abzine gero ne. Da shi ake tuwo, da shi ake dama furar nan tasu da ake haɗawa da cuku da dabino, wadda matafiyi ke ɗaurawa a salka. Geron kuwa ba ya isa a duwatsun. Daga Damargu da Tasawa da ƙasar Katsina da Kano yake zuwa. Haka rawanin da ke kan mai gida: baƙin turkuɗi mai sheƙi da Abzinawa ke ji da shi, a Kura ta jihar Kano ake rina shi a buga shi da bugu har ya yi walƙiya. Mutumin da ke zaune a Bagzan cikinsa da kansa duka suna kudu.

Da me zai saya? Da gishirin da shi ma ba nasa ba ne. Wannan shi ne asalin fataucin nan mai kusurwa uku da ƙabilar Kel Ewey ta Timiya da Bagzan ta shahara da shi. Bayan damina, wajen Oktoba, in raƙuma sun ƙoshi, sai a yanki ciyawa a ɗaure dami-dami, domin a Tenere babu abin da dabba za ta ci. A ɗora gero da cuku da busasshen tumatir, madugu ya shige gaba, a nufi Fashi da Bilma, tafiyar ɗaruruwan kilomita cikin rairayi zalla. Ana tashi da hantsi ba a sauka sai dare ya raba, ko shayi a kan tafiya ake dafa shi. Wani ɓangare na ciyawar ana ajiye shi a hanya saboda dawowa. A Bilma a ba da gero a karɓi dabino da kantun gishiri, a naɗe kowane kantu da tabarmar kaba don kada ya fashe. A dawo gida a huta 'yan makonni, sannan a gangara kudu. A can ne za a sayar da gishirin balma ga masu dabbobi, raƙuma su yi rani a gonakin da aka girbe suna cin kara suna zuba taki, mai gona yana murna har yana ba baƙonsa damin hatsi. Kafin ruwa ya sauka a juya arewa da gero da tufafi. Namiji yakan yi wata bakwai zuwa tara ba ya gida. Mata ne ke riƙe da gari da garken awaki, su ne kuma masu tanti da abin da ke cikinsa. Rahotannin Faransawa na farkon ƙarni na 20 sun ambaci ayarin Bilma mai raƙuma dubu 20.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya iso Tintellust a arewacin Abzin a Satumbar 1850 ya kuma ziyarci Agadas a Oktoba, da irin wannan ayarin gishiri ya gangaro kudu, ya shiga Kano a Fabrairun 1851. Kuma tun a lokacin ya lura cewa da Hausa ake ciniki a duwatsun.

Alaƙar ma ta girmi gishiri. Gobirawa suna riƙe da cewa a Abzin kakanninsu suka zauna kafin Abzinawa su turo su kudu zuwa Birnin Lalle, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta haka. Yamma da duwatsun, a Azelik, akwai kufan da yawancin masana ke ɗauka shi ne Takadda, garin tagulla da Ibn Battuta ya sauka a 1353. Shehu Magili ta wannan yanki ya ratso a ƙarshen ƙarni na 15 kafin ya isa Kano wurin Muhammadu Rumfa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya je Agadas yana saurayi, yana bin malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ita sarautar Abzin an kafa ta ne wajen 1405, sarkin farko Yunusa, kuma tushenta shi ne ƙabilun da suka gaji da faɗa da juna suna neman mai raba gardama wanda ba na kowa ba. Babban aikin sarki shi ne hanya ta zauna lafiya. Daga baya fadar ta koma Agadas, inda hasumiyar masallacin nan ta ƙasa mai tsayin mita 27 take, wadda ake danganta gininta da wajen 1515, aka kuma sake gina ta a 1844.

Asode, da abin da 1917 ta yi

Asode tana kan tsohuwar hanyar da ke tasowa daga Gat ta Libiya, ta bi Iferwan, ta gangara Agadas da Kano. Ana ɗaukarta a matsayin tsohon babban birnin duwatsun. Wanda ya shiga kufan yau zai ga gidaje masu kusurwa huɗu da aka gina da dutse da laka, rufin ya rufta amma bangaye na tsaye, da 'yan tagogin ajiya da aka fafe a jikin bango, da fasassun tukwane barbaje a ƙasa, da ginshiƙan babban masallaci. Labarin da Barth ya samu a 1850 shi ne garin ya taɓa kai gida dubu, amma waɗanda ke da mutane a lokacin ba su wuce 80 ba. Ita kanta Agadas ya ƙiyasta mutanenta dubu bakwai, a cikin ganuwar da ta taɓa ɗaukar ninkin haka sau da yawa.

Ke nan ciwon ya daɗe. Faɗuwar Songhai a hannun Maroko a 1591, da yaƙe-yaƙe tsakanin ƙabilu da suka kai ƙabilar Kel Geres barin duwatsun zuwa Adar da Gobir a ƙarni na 18, da jiragen ruwan Turawa da suka janye ciniki zuwa bakin teku, kowanne ya rage wa hanyar jini. Sai jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Daga ranar, kayan da ke ɗaukar watanni a bayan raƙumi daga Tarabulus suna iya zuwa ta Legas cikin araha, kuma garin da ke rayuwa a kan saukar ayarin arewa ya rasa dalilin zamansa. Yunwar 1913 zuwa 1914 ta biyo baya, ga Faransawa suna ƙwace raƙuma don sufurin sojansu.

A kan wannan gajiya ne Kawusan ya zo. Ba'abzine ne na ƙabilar Ikazkazan, mabiyin ɗariƙar Sanusiyya, ya dawo daga Fezzan ta Libiya da bindigogi da igwa. Da haɗin bakin Sarkin Abzin Tagama ya yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya daga Disambar 1916 har zuwa 3 ga Maris 1917, lokacin da dakaru daga Damagaram suka fasa ta. Turawan Ingila ma sun turo soja daga Nijeriya don taimaka wa Faransa. Ramuwar ta yi muni. An kashe mutane fiye da ɗari a Agadas, cikinsu har da malaman da suka fake a masallaci. Sannan aka bi duwatsun kwari-kwari ana kwashe dabbobi, ana tilasta wa jama'a barin garuruwansu su koma inda idon bariki zai gan su. An kashe Kawusan a Murzuk ta Libiya a 1919, Tagama ya mutu a kurkukun Agadas a 1920. Baturen Ingila Francis Rodd da ya zaga Abzin a 1922 ya tarar da ƙauyuka babu kowa, kayan gida na nan yadda aka bar su.

Da ƙura ta lafa, mutane sun koma Timiya da Iferwan da Tabelot, domin can akwai ruwan da zai ɗauki lambu. Asode kuwa gari ne na hanya, hanyar ta mutu, babu abin komawa. A ganina wannan ne darasin da masu kallon kufan a matsayin abin ɗaukar hoto ke tsallakewa. Ba hamada ce ta cinye garin ba. Layin dogo da igwa ne.

Daga raƙumin rijiya zuwa injin

Lambu ya daɗe a Abzin, amma a ƙarni na 20 ne ya zama ginshiƙi, musamman bayan fari na 1973 da na 1984 sun karkashe dabbobi. Na 1984 ya zo wa fatake da masifa biyu, don a shekarar ne gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ba sai 1986. Har yau a Nijar akwai masu kiran wannan yunwa da sunan Buhari. Ga gishiri a hannu, ga kasuwar an toshe.

Tsohuwar dabarar ban ruwa ta cancanci a tsaya a dube ta. A bakin rijiya ana kafa itace biyu da suka ɗan rusuna kan ramin, a sa gwangwani mai juyawa a sama, wani a ƙasa. Gugan na fata ne babba, yana da dogon wuya a gindinsa. Igiya biyu ne, ɗaya a bakin guga, ɗaya a wuyan. Yaro ya ja raƙumi ko sa ya yi gaba. Muddin gugan na cikin rijiya wuyan a naɗe yake sama, ruwa ba ya zuba. Da ya iso baki sai igiyar ƙasa ta miƙar da wuyan, ruwan ya kwarara cikin kwamin da aka fafe daga kututturen dabino, ya bi magudana zuwa fangali. Yaro ya juyo da dabbar, guga ya koma. Haka za a yi ta yi tun asuba. Abin lura shi ne wannan dabara tana da iyaka a cikinta: ruwan da za ka ɗiba bai wuce ƙarfin dabba ɗaya ba, kuma kafin gobe rijiyar ta sake tarawa.

Injin ban ruwa ya cire wannan iyaka. Da shi mutum ɗaya ke shayar da abin da ya ninka tsohon lambunsa, kuma abin da ya fi kawo kuɗi shi ne albasa. Dalilin mai sauƙi ne. Albasar Galmi da ta sauran kudu ta rani ce. Ta Abzin kuwa ana iya nomanta da damina saboda ƙarancin laima, sai ta fito kasuwa a ƙarshen shekara lokacin da albasa ta yi wuya ko'ina. Manyan motoci na ɗaukarta daga Tabelot da Agadas har Abijan da Akara. A kan tudun Bagzan, inda sanyi ke sauka sosai da hunturu, ana noma dankalin Turawa da tafarnuwa, a sauko da su a bayan jaki ta hanyoyin da mota ba ta hawa. Timiya kuma da lemonta.

Babu mai gardama cewa kuɗi ya shigo. An yi gidajen siminti, an sayi babura, yara da dama sun tafi makaranta. Amma ma'ajiyar da ke ƙarƙashin kori ba ta ƙaru ba. In maƙwabcinka ya zurfafa rijiyarsa ya sa inji, taka za ta ƙafe, dole kai ma ka zurfafa, kuma mai ƙaramin ƙarfi shi ke fara fita. Shekarar da kori bai yi gudu sosai ba kowa na ji a jikinsa, shekarar da ya yi gudu fiye da kima kuma ya kwashe lambunan da aka matsa da su har bakin gaɓa. A farkon Satumbar 2009 korin Telwa ya fasa madatsa ya shiga Agadas, ya rushe dubban gidajen ƙasa. Maganin da aka fi gwadawa shi ne ƙananan madatsai na dutse da siminti da ake gittawa a kori, ba don su tare ruwa ba, don su rage masa gudu ya samu ya nitse. Aiki ne mara ƙyalli, ba ya jan 'yan jarida, amma a cikin duk abin da ake kira raya ƙasa a yankin shi ne ya fi dacewa da yadda ƙasar take.

Su kuwa baƙi masu yawon buɗe ido sun zo sun tafi. A 1991 hukumar UNESCO ta sa gandun Ayar da Tenere, mai faɗin hekta miliyan 7.7, cikin wuraren gado na duniya. Shekara ɗaya bayan haka ta mayar da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari saboda tawayen Abzinawa da ya ɓarke, kuma har yanzu yana nan a jerin. Bayan sulhun 24 ga Afrilu 1995 an sami shekaru masu albarka, jirage na sauka Agadas kai tsaye daga Faransa, maƙeran azurfa da direbobi da masu dafa abinci duk suna samu. Harin Iferwan na Fabrairun 2007 ya buɗe tawaye na biyu, aka binne nakiyoyi a hanyoyi, garin Iferwan ya kusa zama kango na ɗan lokaci. Sace ma'aikatan kamfanin yuraniyom a Arlit a 2010 da hare-haren ƙunar baƙin wake na Mayun 2013 suka ƙarasa abin da ya rage. Abin takaici, a shekarar 2013 ɗin ne tsohon birnin Agadas ya shiga jerin UNESCO, lokacin da babu mai zuwa gani. Jiminar Abzin mai jan wuya a cikin waɗannan rikice-rikice ta ƙare a daji, sai 'yan kaɗan da ake kiwo a killace.

Direbobin da suka san sahara ba su zauna ba. Wasu sun koma jigilar matafiya zuwa Libiya, har dokar 2015 ta haramta sana'ar, kafin gwamnatin soja ta soke ta a Nuwambar 2023. Wasu sun bi zinariyar da ta ɓulla a Jado da Cibarakaten a 2014. Zinariya ta kawo kuɗi da baƙi da bindigogi, kuma wanke ta na cin ruwa da sinadarai masu guba a ƙasar da kowa ke sha daga rijiya mara zurfi.

Yuraniyom kuwa tun 1971 ake haƙarsa a Arlit. Mahaƙar Akuta da ta fara aiki a 1978 an rufe ta a Maris 2021, ta bar tsibin dusar ma'adini mai illa a fili. A Yunin 2025 gwamnatin Nijar ta ƙwace kamfanin haƙar yuraniyom na Somair daga hannun kamfanin Orano na Faransa ta mayar da shi na ƙasa. A Yamai wannan babban labari ne na 'yancin kai. A kwaruruwan Abzin tambayar ta fi kusa da ƙasa. Kwaltar Tawa zuwa Agadas zuwa Arlit, wadda aka shimfiɗa don fitar da ma'adinin wajen 1980, ta lalace har direbobi kan sauka su bi gefenta. Daga Agadas zuwa Timiya, fiye da kilomita 200, har yanzu turba ce ta dutse da rairayi da ke yankewa duk lokacin da kori ya taso. Lemon da aka tsinka da safe yana iya kwana biyu a bayan mota yana jiran ruwa ya janye, mai shi na zaune a gaɓa yana lissafin abin da zai ruɓe kafin a kai kasuwa.